Randa Biyu a Bayan Maƙera

Kwana tara ke nan ban zauna wuri ɗaya na yi sa'a guda ba. In na shimfiɗa tabarma a zaure sai ƙafa ta ja ni maƙera, in na je maƙera sai in tarar ba ni da aikin yi, in juyo gida, in sake fita. Matata ta ce in yawo nake so in tafi gona in kori tsuntsaye, ko banza a amfana da ni. Abin da ya tayar da ni kuwa ba wani babban abu ba ne. 'Ya'yana ne suka tashi gina shago da bulon siminti a bayan maƙerarmu, masu haƙa suka kai ƙugu, sai diga ta faɗa kan randa. Randa biyu ce, an kifa ɗaya a kan ɗaya baki da baki, cikinsu tsingaro ne da baƙin mai da ya daskare. Nan da nan aka taru. Wasu suka ce ajiyar mutanen da ce, wasu suka ce asiri aka binne wa gidanmu, wata tsohuwa har da tofa addu'a tana ja da baya. Ni da na binne su da hannuna na tsaya ina kallo kamar baƙo, har aka kwashe ɓaraguzan a baro aka zubar a kwari.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malbaza da Badaguishiri, kuma gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni. Lokacin da na tashi, mutum yana kwance a ɗaki zai iya gaya maka abin da kowa ke yi a garin. Turmi ya fara, guga ya faɗa rijiya, sannan zuga-zuginmu ya ɗauka. Mai zuga ba hura wuta kawai yake yi ba, kiɗa yake yi da fatun akuyar nan biyu, har mata masu daka su daidaita taɓarensu da shi ba su sani ba. Daga nan masaba ta sauka a kan uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake duka a kansa, amonta ya kai har gonakin bakin fadama. Yanzu ka fito da safe, babur ne, injin niƙa ne, janareto ne, kowane yaro da waya a hannu tana yi masa waƙa, hayaniya ta yi yawa amma ba ka san wa ke aikin me ba. Ba ina cewa da can aljanna ba ce. Mun sha yunwa, mun sha hayaƙin gawayin ƙirya har idanunmu suka yi ja, kuma ni kaina na fi kowa ƙosawa da wannan zaman.

Mahaifina wuta ta cinye masa idanu tun ina saurayi. Da farko yana ganin jan ƙarfe dishi-dishi, daga baya ko wannan ya tafi. Amma bai bar maƙera ba ko yini ɗaya. Ana idar da asuba za a kamo sandarsa a kawo shi, ya zauna kan buzunsa a hagun uwar maƙera, ya karkata kai. Ni nake duka, shi yake ƙira. Da kunne yake sanin ƙarfe ya huce, da kunne yake sanin haɗi ya kama ko bai kama ba, da kunne yake gane tsagar da ke ɓoye a cikin ruwan hauya wadda mai ido biyu ba zai gani ba sai ta karye masa a gona. "Maishe shi wuta," zai ce, ni kuwa ina ganin ƙarfen da sauran ja. In na yi gardama na ƙara duka biyu, sai ya ce, "To, ka kashe ta, jehwa ta can." In na duba, haka ne. Manoma daga Tajaye har Alela sukan wuce maƙeran garinsu su zo wurinmu, don sun san abin da tsoho ya saurara ba ya ba su kunya. Na roƙe shi ya koya mini ba sau ɗaya ba. Amsarsa kullum ita ce, "Hannunka ya hi kunnenka sauri. Bari shi natsu tukuna, in ba ka." Ni kuwa natsuwa ba ta cikin abin da Allah ya ba ni, har yau ma kuna gani.

Ƙosawar nan ce ta kai ni cin rani Nijeriya, na faɗa wani wuri da ake gyaran sifirin manyan motoci. A can na fara ganin guduma mai aiki da iska. Ta fi mutum tsawo, jikinta tukwane biyu na ƙarfe a tsaye: na baya yana zuƙar iska ya matsa ta, na gaba yana ɗaga kan guduma ya sako shi. Kai dai ka riƙe ƙarfe da awartaki, ka taka wani sanda da ƙafa, ita ta yi dukan. Aikin da nake yini ina yi da masaba har kafaɗata ta mutu, tana gama shi kafin shayi ya tafasa. Akwai wata tsohuwar guduma irinta da suka yar a gindin bishiya, mai wurin ya ce in na yi masa rani biyu in ɗauka, in har ina da abin ɗaukarta. Na yi masa. Mota ta kawo ta Konni, daga nan amalanken shanu, kwana uku muna ja muna hutawa. Na samo tsohon injin niƙa na gina masa ɗaki dabam a bayan bango, na huda rami bel ya ratsa, don haka kukan injin bai dami kowa sosai ba. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne numfashin gudumar kanta. A gefen tukunyar baya tana da hanci da take jan iska, an sa masa wani gwangwani mai raga. A sama kaɗan, daidai kan mutum in yana tsaye, tana da bakin da take furzar da iskar. Dukan ƙarfe ba komai ba ne a kan wannan furzawar. Fash, fash, fash, babu hutu, ko kana duka ko ba ka duka, har ka ji haƙoranka suna amsawa.

Ranar da muka tashe ta garin duka ya zo. Na yi hauya goma sha biyu kafin rana ta take, ina ta washe baki, mutane na tafi, bakinsu na motsi ba na jin abin da suke cewa. Baba yana kan buzunsa. Na ga ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya matso, ya ja baya. Sau ɗaya na ga ya ɗaga hannu ya buɗe baki, ban tsaya ba, aiki na tafiya. Da aka kira azahar na kashe inji, ya lallaɓa ya samo sandarsa ya miƙe.

"Baba, ka jiya yadda taka aiki?" na ce masa.

"Na jiya tana huci," ya ce. "Ƙarhen ne ban jiya ba. A kai ni gida."

Washegari aka je ɗauko shi ya ce ƙafa ke masa ciwo. Jibi ma haka. Na ce a raina tsufa ne, kuma kishi ne irin na tsofaffi, zai sauko. Bai sauko ba. Damina ta faɗi, aiki ya yi mini yawa, ina fitar da hauya da galma kamar ana zubo su daga buhu. Ana tsakiyar noman fari wani manomi daga Tajaye, wanda ubansa ma wurinmu yake saye, ya iso da hauyarsa gida biyu. Bai ko tsaya wurina ba, ya wuce zaure inda Baba yake, ya ɗora masa guntayen a cinya. Ina bakin ƙofa ina gani. Baba ya bi karayar da yatsa, ya kai ta hanci, ya ajiye. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kafin kaka irin wannan ta dawo mini sau bakwai ko takwas, duk na doke su bayan sun huce ban sani ba.

A cikin daminar nan ne kuma na tafka wautar da sai maƙeri zai yi ta. Gudumar ta fara nauyi, tana ɗagawa da ƙyar. Na duba hancinta na ga gwangwanin nan ya cushe da toka da garin gawayi da ƙaiƙayin da iska ta kwaso daga masussuka tun rani. Mu kuwa abu na farko da ake koya wa yaro a maƙera shi ne kada ya bar komai ya tare bakin zuga-zugi. Sai na sa awartaki na fizge gwangwanin na jefa bayan ɗaki. Nan take ta farfaɗo, ta ƙara ƙarfi, ta ƙara tsawa, don yanzu hancin ma ya shiga kuka. Na riƙa yi wa mutane bayani da alfahari, wai Turawan da suka ƙera ta ba su san iska ba. Hancin nan kuwa taku biyu ne tsakaninsa da inda muke tara toka da baƙin ɓawon da ke zubowa daga jan ƙarfe.

Matata ce ta tare ni bayan an gama girbi. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa sa baki a sha'anin maƙera ba, amma ranar ta ajiye mini ƙwaryar fura da ƙarfi har ta fantsala.

"Maigida, yaushe rabonka da ka dubi Baba da kyau?"

"Kullum ina gaishe shi."

"Gaisuwa dabam. Tuwon da nika kai mishi rabi shika ci, yanzu rabin ma ba shi ci. Shekaranjiya ya ce in kawo turmina kusa da zaure in yi daka, wai shi dai shi ji ana bugun wani abu. Ka san abin da yac ce mani? Ya ce taɓaryata ta tsage daga ciki. Na duba, ta tsage." Ta share ido da gefen zane. "Mutum na da ransa ka tashe shi daga wurin zamanshi. In ka bari wata damina ta iske shi cikin zauren ga, ba ta barin shi."

Na shiga zauren na dube shi da kyau, kamar yadda ta ce. Wuyansa ya zama kamar na kaza, hannayen nan da suka yi shekara hamsin suna juya masaba suna kwance a cinya ba abin yi. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. A ranar na ƙudura cewa kafin ruwan fari ya sauka sai na mayar da shi kan buzunsa, ya ji ƙarfe, ya kuma ba ni abin nan da ya ce zai ba ni. Sayar da gudumar bai zo mini a rai ba, gaskiya ke nan. So nake in riƙe ta in riƙe shi.

Dabarata ta farko irin ta mai gaggawa ce. Na tattaro tsummoki na cusa a bakin da take furzar da iska, na ɗaure da waya. Ƙarar ta ragu, na yi murna ta rabin sa'a. Sai tukunya ta yi zafi, kan guduma ya fara rawa yana sauka inda ba a sa shi ba, tsummokin da suka jiƙe da mai suka kama hayaƙi. Da na cire su ma ba ta koma daidai ba. Kwana kaɗan ta tsaya cak, in ka taka sai ta yi nishi ta kasa ɗaga kanta.

Na hau mota zuwa Konni na ɗauko wani bakanike, Buzu ne, dattijo mai gareji a bakin hanya. Kun san tsakanin maƙera da Buzaye wasa ne, don haka tun a mota ya fara cin naman jikina. Da ya kwance tukunyar baya ya zura hannu ya shafo, ya nuna mini yatsunsa baƙi ƙirin, da tsaki-tsaki a ciki. Ya haska mini ciki, duk ya karce kamar an ja ƙaya a kan laka.

"Kai maƙeri, mi kab ba ta tac ci? Ina gwangwanin da ke nan?"

"Na hidda shi. Shaƙe ta shikai."

"Cika yay yi, wawan Allah. Wankewa akai a maida, ba a yasuwa."

"Mu zuga-zuginmu ba mu taɓa ɗaura mai ƙyalle ga baki ba."

"Zuga-zuginku hwatar akuya ta, ko tsakuwa tah haɗiye sai ta tohe ta. Wagga ƙarhe ne ka gudu cikin ƙarhe, da mai tsakani. Kowace toka tash shaƙa, wasa ta takai ma cikinta. Ku maƙera ko agogo anka ba ku sai kun sa shi wuta ku ga ko shina laushi."

"To, naɗa mata rawani irin naku, ta ruhe hanci."

"Shi za ni yi. Shi as sa munka hi ku tsawon rai."

Kwana huɗu ya yi a gidanmu. Ya goge cikin tukunyar, ya sa sababbin zobba, sannan ya yi mata rawanin da ya ce. Babban gwangwanin madara ya huda, ya cika shi da soson wanka da ya tsoma a baƙin mai ya matse, ya rufe da ragar rariyar matata. Ya haɗa shi da dogon bututu ya fitar ta saman rufi, nesa da toka, ya kifa masa hula don ruwa. Ya ce duk Juma'a in sauke in wanke da kananzir in sake shafa mai, in kuwa na sake fizge shi zai zo da kansa ya fizge mini gemu. Wannan kaɗai ya kashe kukan hancin. Saura bakin. Ya ce mini, "Kak ka sake toshe shi. Iskag ga dole ta hita. Wuri mai hwaɗi za ka ba ta, ta shiga ta huce, sannan ta hita ta ƙohwa babba." Mun gwada salansar babbar mota, ta yi mata ƙunci, gudumar ta sake nauyi. Ya ce sauran dabara tawa ce, shi gareji na jiransa.

Akwai abin da ya yi wanda na yi wa dariya. Duk lokacin da za mu tayar da ita sai ya ciro auduga daga aljihu ya cusa a kunnuwansa ƙarƙashin rawani. Ranar tafiyarsa ya miƙo mini dunƙule guda. Na ture hannunsa. A gidanmu abin kunya ne ɗan maƙera ya toshe kunne a gaban ƙarfe, na taɓa ganin kakana ya kori mai koyo saboda ya sa yatsu a kunne. Kuma ni da nake neman inda ƙara take fitowa, yaya zan same ta da kunne a toshe? Buzun ya dube ni, wannan karon bai yi wasa ba, ya ajiye audugar a kan bango ya tafi. Tana nan har tsuntsaye suka kwashe ta suka yi sheƙa.

Ranin nan duka a kan bakin gudumar na ƙare. Na sa bututu na kai iskar cikin tulu, tulun ya ɗauki wani irin kuka mai zurfi, jakunan unguwa suka amsa masa gaba ɗaya, liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Na kai ta cikin duro na ƙarfe, ya zama ganga. Na haƙa rami na rufe da itace da ƙasa, ya bushe ya tsage, ƙura ta tashi ta rufe mu. Kowace dabara na gwada, yadda na gada nake bincikenta: in tayar da guduma, in kafa kunne a jikin bututu, in kafa a mahaɗa, in kafa a bakin furzawar kanta, in ji ta ina take tserewa. Tun hantsi har la'asar, yau da gobe. In na kashe inji sai in ji gyare na kuka a cikin kaina. Da farko kafin safiya ya yi shiru, daga baya ya tare bai sake fita ba. Matata ta koma taɓa kafaɗata kafin ta yi mini magana, ni ban ma lura ba, hankalina na kan bututu.

Ita ce ta kawo maganin. Ta ce randar da aka binne gindinta cikin yashi ko ka buge ta ba ta amo, kowace mace ta san wannan. Ta ba ni randar aurenta. Na binne ta a bayan maƙera na yi mata murfin katako, iska ta cilla murfin sama. Sai mun sami wata mai baki daidai da nata mu kifa. Duk garin randa ɗaya ce ta yi daidai, ta mahaifiyata, wadda tun rasuwarta take ɗakin Baba ba mai taɓawa. Na yi kwana biyu ina kai-kawo a ƙofar zaure kafin na iya buɗe baki.

"Mi za ka yi da ita?" ya ce.

"Bakin gudumar za ni ruhewa, Baba, don ka komo."

Ya karkata kai. Sannan ya ce, "Ka zuba tsingaro ciki. In iska ta bugi cikinta kai tsaye, hwashewa takai. Ɗauka."

Haka muka yi. Na huda ta ƙasa a gefe bututu ya shiga, na cika ta da fasassun tukwane, na kifa ta mahaifiyata a kai, na liƙe bakin da laka da gashin akuya. Na huda ta sama na sa bututu mai faɗin cinya ya fita can bayan darni, muka mayar da ƙasa muka daddanna. Ranar da na tayar da ita hadarin farko yana haɗuwa a gabas. Kan guduma ya ɗaga da ƙarfinsa, ba nauyi, ba zafi. Furzawar nan da ta hana garin sakat shekara guda ta koma can bayan darni, wuf, wuf, kamar saniya na numfashi a turke. Na ga mutane suna magana da juna a cikin maƙera ba tare da sun ɗaga murya ba.

Da kaina na kamo sandarsa. Ya zauna kan buzunsa, ya karkata kai. Na ciro ƙarfe daga wuta na taka. Duka biyar, shida, bakwai, sai na ga ya ɗaga hannu, ya daka tsawa irin ta da: "Maishe shi wuta!" Wallahi sai da hawaye ya zubo mini a kan awartaki. Yinin nan bai gaji ba, yana gyara mini, yana zagina, yana dariya. Matata ta kawo fura ya shanye ƙwarya guda ya nemi ƙari, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

Bayan la'asar ya ce a kashe inji. "Yanzu ƙarhe ya amshe ma aikin hannu," ya ce, "sai kunne. Matso in ba ka abinka." Ya sa aka miƙo masa ruwan hauya biyu, ya rataye kowanne da zare a yatsa, ya ƙwanƙwasa na farko da ƙusa.

"Ka jiya yadda taka jan amo hal shi ƙare?"

Na ji ƙwas, sai gyaren nan nawa. Na ce, "Na jiya."

Ya ƙwanƙwasa na biyu. A wurina duk ɗaya ne.

"Wace ta tsage?"

Na ce ta biyu. Ya sake bugawa, ya sauya su a hannu, ya sake tambaya. Na ce ta farko. Ya ajiye su a hankali. Sai ya kau da fuskarsa wajen bango, na ga gemunsa yana motsi, na ɗauka tasbihi yake yi. Na jira ya gama. Da ya juyo ya miƙo hannu biyu ya laluba fuskata, ya kama kunnuwana ya riƙe kamar mai auna zafin jikin yaro. Ya jawo kaina kusa da bakinsa ya ce da ƙarfi, "Tun yaushe?" A lokacin na gane cewa shirun da nake ta murna da shi ba randa kaɗai ta kawo shi ba.

Ya ƙara shekara shida a kan buzun nan, kuma ya yi ƙiba, ya yi faɗa da manoma, hauyarmu ba ta sake dawowa gida biyu ba. Bai taɓa yi mini gori ba. Ya daina kira da baki, ya koma buga sanda a ƙasa inda zan gani: ɗaya, a mayar wuta, biyu, ta mutu. Amma abin da ke cikin kunnensa bai sami inda zai zuba shi ba. Ƙannena suna can bakin teku wurin nema, 'ya'yana ba su kai ba, ni kuwa da aka yi wa tanadi na zo da ƙwarya a fashe. Yau 'ya'yan nawa da ido suke duba hauya, in ta karye su liƙe da walda, manomi ma bai san akwai wata hanya ba. Sabuwar gudumarsu ta lantarki da matatarta da salansarta ta zo, ba su taɓa haƙa rami ba. Duk da haka ina bin su da auduga a aljihu, suna karɓa don kunyata, in na juya baya su cire.

Ranar sadakar ukun Baba, bayan mutane sun watse, matata ta zo ta zauna ta gefen da na fi ji, ta taɓa kafaɗata.

"Akwai abin da ban hwaɗa maka ba. Ran da kam maido shi maƙera, sa'ad da yaj juya wajen bango, ba tasbihi yay yi ba."

"Mi yac ce?"

"Sunanka yak kira."

Ni ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce, kuma Baba mutumin da ne, tun da aka raɗa mini suna bai taɓa furta shi ba. "Kai" nake a bakinsa, ko "wancan". Ta ce a hankali ya kira, don ya san in akwai abin da zai sa in waiwayo to wannan ne. Ya kira, ya jira, ya ƙara ɗaga murya kaɗan ya sake kira, har sau uku. Duk wanda ke maƙera ya ji, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ina durƙushe taku ɗaya daga gare shi, ina jiran ya gama tasbihi.

Bai sake kira ba har ya koma ga Allah, kuma har yau ban san yadda sunana yake a bakin ubana ba.